Taƙibarci

Ni ce mai agogo a bakin fili,
ni na riƙe littafin lissafi.
In ana gardamar zagaye nawa ta yi,
ni za a tambaya, ba ƴan teburin shayi ba.

A garajin Nomau, can bayan Mokoyo,
aka fara zana ta da gawayi a jikin bango.
Haƙarƙarinta bututun famfo ne,
injinta na wata fijo da ta mutu a hanyar Dakoro,
fatarta kwanon rufi da aka yi ta bugu
sai da ya lanƙwashe kamar bayan tarwaɗa.
Nomau ya ce shi ba gudu kaɗai yake nema ba.
Zomo ma yana gudu,
amma wa ya taɓa ganin zomon da ya kwana a guje?
Daga hantsi zuwa hantsi, shi ne sharaɗin,
kuma wadda ta fi yawan zagaye ita ce gwana.

Ta farko ko la'asar ba ta gani ba.
Radiyato ya tafasa kamar tukunyar wake,
Tsahiru ya fito yana yarfe hannu,
aka tura ta gida, yara na bin mu da waƙar tsiya.
Shekara guda Nomau bai ce uffan ba.
Ya huda mata hanci biyu don ta sha iska,
ya rage mata tsawo da taƙi ɗaya,
ya sayar da filin gadonsa na Madarunfa.

Ta biyu ta kai dare.
Ƙarfe ɗaya da minti goma sha bakwai,
na rubuta, yana nan da jan biro,
fitilunta suka mutu gaba ɗaya.
Kalla ya kama cocila da haƙori,
ya yi zagaye tara a haka
kafin ya sumbaci gindin gawo.
Shi ya tashi. Ita sai a kura.

Ta uku ce mutane ke tunawa.
Mota goma sha huɗu aka jera a jar ƙasa,
har da ta wani attajirin Kwanni
wadda aka sauke daga jirgin ruwa da ledarta.
Tamu ba ta fi kowa gudu ba.
Tana dai zuwa, tana wucewa,
minti huɗu da ɗan kai, minti huɗu da ɗan kai,
har hannuna ya koyi rubutawa ba da ni ba.
Muna ɗura esansi da mazurari,
muna canza taya da addu'a,
Nomau na kasa kunne ga injin
kamar ungozoma a kan ciki.
Da asuba saura uku a fili.
Da rana ta ɗaga, saura biyu.

Ba mu ci ba.
Zagaye shida ta Kwanni ta ba mu.
Ɗari uku da sha ɗaya muka yi,
da buji uku masu rai, ɗaya matacce,
da sharɓar da aka ɗaure da waya.
Amma da Kalla ya kashe ta
shirun da ya sauka sai da ya yi mini ciwo a kunne.

Yanzu kaji ke ƙwai a mazaunin direba.
Idon Nomau ya yi hazo, ba ya gane goma daga sha biyu
sai ya shafa bakin sifana.
Jiya na kai masa fura,
na tarar da shi tsaye gaban bango,
gawayi a hannu, yana laluben inda tsohon zanen ya tsaya.
Ya ce, Barira, duba littafin nan,
a zagaye na nawa ne ta fara tari?